Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu wankin zinari na rani a rafukan Mayo-Rey da Faro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwana da ƙannena masu wankin zinari, da shugabannin wuraren aiki, da iyayenmu jauro-jauro da lawan-lawan da ke ba ku wurin sauka, ina gaishe ku, ina yi muku barka da kaka.

Ni maƙerin zinari ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Abin da kuke wankowa daga rairayin Mayo-Rey, da wajajen Colire da Rai Buba da Poli, wani kasonsa a hannun irinmu yake ƙarewa, mu narka shi mu yi wa amare 'yan kunne da awarwaro. Abincina yana biyowa ta hannunku, don haka ba zan ce ku bar wannan sana'a ba. Kuma ba da masu katafila da manyan injuna nake magana ba. Da ku nake, ku da kuke noman auduga da masara da gyaɗa da damina, in an yi girbi ku ɗauki diga da shebur da kwamin katako da guntun kafet ku gangara rafi. Da ku nake, iyayenmu mata masu bin bayan kwami da ƙwarya kuna sake wanke abin da maza suka zubar, da samarin da ke zuwa a hutun makaranta, da 'yan kasuwar da ke fita ranar da babu kasuwa don sha'awa da gwada sa'a.

Maganata guda ce: kwamin da ke ɓata rafi shi ne kwamin da ke zubar da zinari. Yawancin abin da ke cutar da kifi da masu shan ruwa a ƙasanku, ku ne yake fara ci wa aljihu tun kafin ya isa gare su.

Bari mu fara da kwamin kansa, wato doguwar magudanar katakon da ake shimfiɗa wa kafet, a zuba ƙasa da ruwa su gangara, kafet ya kama zinari. Zinari ya fi ruwa nauyi sau 19, alhali rairayin da yake kwance a ciki bai kai sau 3 ba. Wato in ka ɗauki ƙwayar zinari da ƙwayar rairayi masu girma ɗaya, ta zinarin ta ninka ɗayar kusan sau 7. Wannan bambancin kaɗai ne jarinku. Aikin kwami bai wuce abin da uwar gida ke yi in tana rege gero a ƙwarya ba: ta girgiza a hankali, tsakuwa ta kwanta a ƙasa, gero ya wuce. In ta yi garaje, tsakuwa da gero su tafi tare. To ku dubi yadda ake aiki a wurare da yawa. An kafa kwami a tsaye kamar za a hau shi, an buɗe injin jan ruwa har ƙarshe, yara biyu suna watsa shebur-shebur na ƙasa da manyan duwatsu ba kakkautawa, ruwa na tsalle a kan kafet yana kumfa. Babban zinari zai tsaya, shi ko ina ka jefa shi tsayawa yake yi. Amma garin zinari, wanda shi ne mafi yawa a rafukanmu, ba ya samun damar taɓa kafet. Kowane dutse da ya gangaro yana tayar da ruwa ya ɗaga abin da ya riga ya kwanta. Ga kuma yumɓu. Dunƙulen yumɓun da ba a dama ba yana mirginawa a kan kafet yana liƙe ƙwayoyin zinari a jikinsa, ya fita da su ta gindin kwami kuna kallo.

Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A tankaɗe ƙasar da rariyar ƙarfe a bakin kwami, duwatsu su tsaya a sama, a wanke su a ajiye gefe. A jiƙa yumɓu a rabin durom a dama shi da hannu ko da sanda har ya zama ruwa-ruwa kafin a zuba. A fara gangarar kwami da kamar santimita 8 zuwa 10 a kowace mita ta tsawonsa, sannan a riƙa gyarawa da ido. Ku duba bayan 'yan katakon da kuka gicciya: in baƙin rairayi yana motsi a wurin a hankali yana juyawa, kwamin yana aiki. In wurin ya cushe da farin rairayi ya taurare, ruwan ya yi kaɗan ko kwamin ya kwanta da yawa. In kuwa kafet ya fito fes babu ko baƙin rairayi, ruwan ya yi ƙarfi, kuma zinarinku na bin sa. A zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da yankewa ba, a riƙa cire kafet ɗin farko ana wankewa a baho tun bai toshe ba, domin a nan mafi yawan zinarin ke tsayawa.

Duk wanda ke shakkar maganata, ga gwaji mai sauƙi. Ya ɗebi ƙwarya guda daga tarin rairayin da ya fito ta gindin kwaminsa ya wanke a natse. Matan da ke bin bayanku da ƙwarya sun daɗe da sanin amsar, shi ya sa ba sa rasa na cefane a wurin da kuka ce kun gama.

Haka batun mai. Injin da ke ɗigar da baƙin mai ko gas a cikin ruwan wanki yana sa siririn zinari ya yi iyo a saman ruwa ya wuce, domin maiƙo na kama shi. Ku ɗora injin a kan faranti ko buhu cike da rairayi nesa da bakin ruwa, ku zuba mai a can. In kun zo wankin ƙarshe a baho, ɗigon sabulun ruwa guda yana nutsar da garin zinarin da ke iyo. A baho nake nufi, ba a rafi ba, kuma ruwan bahon a zubar da shi a tudu.

Yanzu ga ruwan da ya fita daga kwami, wanda shi ne babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancinku kuna kafa kwami a cikin rafi ko a bakinsa, ruwa ya shiga fari ya fita ja kamar an dama jar ƙasa, ya ci gaba da tafiya. Daga inda kuke tsaye kamar ya wuce ke nan. Amma da rani rafukanmu ba su da ƙarfin da za su kwashe wannan lakar. Sai ta kwanta a gurbin farko da ta tarar, gurbin da mata ke ɗibar ruwan sha, da makiyayi ke shayar da shanu, da kifi ke fakewa har damina ta dawo. Laka na toshe wa kifi hanyar numfashi, tana hana hasken rana isa ga ciyawar ruwa, tana binne ƙwarin da ƙananan kifaye ke ci, tana rufe tsakuwa da ramukan da karfasa ke yin sheƙa. Gurbin da ke da zurfin mutum bara, bana sai ka tarar da shi iya gwiwa, kuma ruwa marar zurfi shi ke saurin zafi da saurin ƙafewa tun kafin Afrilu. Dorinar da ta rasa gurbi mai zurfi ba ta zama, tana matsowa kusa da gonaki da mashayar mutane.

Abin da rani bai kwashe ba, ambaliyar Agusta na kwashewa. Mayo-Rey a Binuwai yake zuba, kuma duk abin da ya ɗauko a tafkin Lagdo yake sauke shi. An gama madatsar da ta tare wannan tafkin a 1982, injunanta huɗu ne masu ƙarfin megawat 72 gaba ɗaya, kuma ita ce ta daɗe tana riƙe da wutar Garwa da Marwa da Ngaundere. Duk lakar da ta kwanta a ƙasan tafkin ta cinye wurin da ruwa zai zauna. Ba ku kaɗai kuka kawo ta ba, noman bakin gaɓa da saran itace suna da nasu babban kaso. Amma naku kason kuna iya tare shi tun a wurin aiki. Kuma a Lagdo akwai dubban masunta, Hausawa da Musgum da Kotoko da sauransu, da matan da ke banda kifi, da direbobin da ke kai shi kasuwanni. Su an ɗora musu dokar rufe kamun kifi a tsakiyar damina don kifi ya hayayyafa, suna haƙuri da yunwar waɗannan watanni. Bai dace su yi wannan haƙurin ba, mu kuma daga sama mu aiko musu da lakar da za ta binne ƙwan. Faro kuwa yana haɗuwa da Binuwai kusa da iyakar Najeriya, daga nan sai Yola. 'Yan'uwanmu masu wanki a ɓangaren Cadi, wajajen Pala, su ma maganar ta shafe su, domin ruwan yankin Mayo-Kebbi ta tafkin Lere yake bi, inda ayu ke zaune, kafin ya zo ya tarar da Binuwai gab da Garwa.

Abin da nake roƙo shi ne ku fitar da kwami daga cikin rafi. Ku kafa shi a tudu, nesa da gaɓa, ku haƙa ramuka biyu ko uku a jere a gindinsa, kowanne yana malala cikin na gaba ta ƙaramar hanya. A na farko rairayi zai kwanta, a na biyu laka, a na uku ruwan ya lafa har ku mayar da bakin tiyo ciki ku sake wanki da shi. Rafi kawai za ku koma don cike abin da ƙasa ta tsotse. Na san yini guda ko biyu na haƙa ne wanda babu zinari a cikinsa, kuma ga wanda ya ciwo bashin abinci kafin ya fito, yini biyu ba wasa ba ne. Amma ku lissafa abin da ke dawowa. Zinarin da ya kuɓuce wa kafet yana nan a ramin farko, naku ne, ba sai ya tafi Lagdo ba. In rafi ya ja baya a watan Maris, masu ramuka suna ci gaba da aiki, sauran suna tattara kaya. Sai dai a kula, in ruwan ya yi kauri da yumɓu har ya zama kamar kunu, ba ya barin garin zinari ya nutse, don haka a riƙa kwashe lakar ramuka ana barin ruwan ya kwana. Ga masu wanki a durom ko baho, garin ƙwayar zogale yana tattara yumɓu ya kwantar da shi cikin ɗan lokaci, kuma zogale ba ya wuyar samu a ƙauyukanmu.

Gaɓar rafi kuma ku bar ta. Na san dalilin da ke ja ku can: tsakuwar da ke ɗauke da zinari takan shige ƙarƙashin gaɓa, sai mutum ya riƙa binta yana rarake ƙasa har ya shiga da rabin jikinsa, ga tudu a kansa babu abin da ya tokare shi. Kowane wurin aiki yana da labarin wanda ƙasa ta rufta da shi ta wannan hanyar, Allah ya jiƙansu. Saiwar giyayya da kanya da ɓaure da maɗaci ita ke riƙe da wannan gaɓar. In aka sare su don itacen girki ko don a kai ga tsakuwar ƙarƙashinsu, ruwan farko zai zabtare gaɓar ya ci gonar wani. Ma'aikatar ma'adinai ta ƙasarmu ta riga ta hana aiki a cikin kwarin koguna da rassansu, amma ko da babu wannan hani, wanda ya ga yadda Binuwai ke cika a Satumba ya san abin da gaɓa marar itace za ta zama.

Ramukan da kuke bari a baya su ne suke jawo muku ƙiyayyar mutanen gari fiye da komai. Da rani rami ne kowa na ganinsa. Da damina ya cika da ruwa, ciyawa ta rufe bakinsa, saniyar Bororo ta faɗa ta karye, ko yaron da ke kiwon awaki ya zame. Sauro kuma ya samu gida a bayan gari. Rikicin da ke tashi tsakanin makiyaya da masu haƙa sau da yawa daga nan yake farawa. Cike rami yana da sauƙi in an shirya masa tun farko: ƙasar sama mai taki a tara ta gefe guda, duwatsun da rariya ta tare a gefe guda. In an gama, duwatsu su fara shiga, sai rairayi da lakar ramukan tacewa, sai ƙasar sama a rufe. Mafi sauƙi ma, ka zuba abin da ka haƙo daga sabon rami cikin tsohon da ke kusa da shi, ka yi ta tafiya a haka, in ka tashi rami ɗaya kawai ya rage maka. In ruwan sama ya fara sauka a watan Mayu, ku rufe ku koma gona. Ƙasar da ta jiƙe ba ta da amana, kuma lokacin ne kifi ke hawa rafuka don yin ƙwai.

Sai zaiba, wadda a wurin aiki ake kira merkir, ake sa ta ta kama garin zinari su dunƙule, sannan a ƙona ta tashi zinari ya rage. A nan ina magana a kan abin da ke zuwa gabana a maƙera. Saurayi ya shigo ya kwance ƙullin leda ya ajiye mini ɗan dunƙule mai ramuka-ramuka, launinsa rawaya mai dusu-dusu, wani gefen da sauran toka-toka. Da gani na san a cokali aka ƙona shi a kan gawayi, kuma na san bai gama ƙonewa ba. Ragowar zaibar da ke cikinsa a wutata za ta tashi, ni da yaran shagona da mai shayin da ke maƙwabtaka da mu mu shaƙa. Wannan ragowa ce kawai. Kafin a ƙona shi, kusan rabin nauyin dunƙulen zaiba ne, kuma duk wannan ya tashi ne a gaban fuskar saurayin, sau da yawa a cikin bukka, ko a murhun da ake dafa abincin dare, ga mai goyo a zaune. Zaiba na tafasa a zafin digiri 357, gawayi ya wuce haka nesa. Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari nan take, shi ya sa ake raina shi. Huhu yana ɗaukar mafi yawansa ya kai jini, daga nan ƙwaƙwalwa da ƙoda. Yana laƙewa a bangon ɗaki da tufafi da bargo ya ci gaba da fita bayan an kashe wuta. Alamunsa a hankali suke zuwa: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi, ciwon dasashi. Na ga hannun da bai kai shekara talatin ba yana karkarwa a kan ma'aunina har mai shi ya kasa juye garin zinari a takarda, kuma shi yana ɗauka gajiya ce.

Zaibar da ta zube a ruwa kuma tafiyarta daban. Masu zuba zaiba a kan kafet ko a cikin ƙwarya a tsakiyar rafi, su sani tana farfashewa ta zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, ta bi ruwa, har da zinarin da ta riga ta kama. In ta kwanta a laka, ƙwayoyin halitta da ke cikin lakar suna juya ta zuwa wani nau'i mai shiga naman kifi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, abin yana taruwa har ya kai ga giwan ruwa da manyan tarwaɗa, kifin da muka fi so mu saya wa baƙo da mai jego. Suya ba ta fitar da ita, bandar kifi ba ta fitar da ita. Tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki. A garin Minamata na ƙasar Japan aka fara gane wannan ciwo a 1956, bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba ruwan dattinta a teku, masunta da iyalansu suna cin kifin. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda ta fara aiki a 2017, kuma Kamaru da Cadi duk suna cikinta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa ƙananan masu haƙar zinari ne ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska, sun fi kowace sana'a. A Kamaru doka ta hana amfani da ita da siyanid, wani guba da ake cire zinari da shi, a aikin ma'adinai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne zinarin rafi ba ya buƙatarta. Zinarin rairayi a sake yake, ruwa ya riga ya raba shi da dutse. Abin da kawai ya rage shi ne raba shi da baƙin rairayi, kuma wannan aikin haƙuri ne. A wanke abin da kafet ya tara a baho har ya rage ɗan kaɗan. A shanya ya bushe sarai. A sa maganaɗisu a cikin leda a bi ta kansa sama-sama, ɓangaren baƙin rairayin da ke da ƙarfe zai ɗafe, a janye maganaɗisun daga ledar ya zube gefe. Kada a zubar da shi, a sake bi, domin yakan ɗauko zinari a tsakaninsa. Abin da ya rage a gauraya shi da boraks, farin garin da maƙera ke sawa wajen narkarwa, a ƙaramin kasko a hura masa wuta. Zinari na narkewa a digiri 1064, gawayi mai kyau da zugazugi suna kai wa can, da su kakanninmu suka yi ƙira. Boraks yana narkar da dattin ya zama kamar gilashi ya taso sama, zinari ya dunƙule a ƙasa tsaf. Masu haƙa a yankin Benguet na ƙasar Filifin sun daɗe suna aiki da wannan hanyar. Sharaɗinta ɗaya ne, sai an tace sosai har zinari ya yi yawa a cikin abin da za a narka, in ba haka ba a ɓata boraks da gawayi. Zinarin da ya fito haka ya fi tsabta, kuma mai saye ba shi da hujjar rage muku nauyi da sunan datti. Wanda ya ƙi ji ya ce sai zaiba, to aƙalla kada ta taɓa rafi, kada ta shiga gida, kada mace mai ciki ko yaro su kusanci wurin, kuma ya ƙona a rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututun da ke mayar da tururin cikin ruwa. Wannan rage cuta ne kawai, ba shawarata ba ce.

Ga waɗanda suka fara barin rafi suna fasa dutse suna kai shi gida a daka a turmi ko a niƙa a injin hatsi, ku tuna Zamfara. A 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje ya zo da dalma a jikinsa, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanon abinci, yara wajen 400 suka rasu. Hausawa ne irinmu, masu neman halal irinku. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ido ba ya gane dutsen da ke da dalma, don haka dutse ya tsaya a daji, a niƙa shi da ruwa, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ana faɗa mini a shago. Za ku ce me ɗan kwaminmu ya ɓata in aka kwatanta da abin da kamfanoni masu katafila suka yi a Betare-Oya da Baturi na gabashin Kamaru, inda aka juya koguna aka bar tafkunan laka da ramuka masu cin mutane? Gaskiyarku ne, ɓarnarsu ta fi taku nesa ba kusa ba, kuma hukuma na da alhakin tilasta musu su gyara abin da suka ɓata. Amma ku dubi abu biyu. Tun da farashin zinari ya haura dala 2,000 a kan oza a 2020, ya kuma wuce 3,000 a 2025, masu gangarowa rafi sai ƙaruwa suke yi, kuma kwami ɗari a rafi guda da rani ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, ranar da gari ya kai ƙara aka zo rufe wuri, ba a fara da mai katafila. Da mai shebur ake farawa, a ƙona masa bukka a ƙwace masa inji. Wurin aiki mai tsabta, wanda jauro da makiyaya da masunta ba su da kuka a kansa, shi ne kariyar da talaka ke iya yi wa kansa. Haka kuma gandun dajin Binuwai da na Faro da na Buba Njida: ku bar su. Na san akwai zinari a rafukan ciki, na kuma san yadda ake ƙarewa da masu gadin daji. Ku nemi katin mai haƙa da izinin wuri kamar yadda dokar ma'adinai ta tanada, wadda aka sabunta a Disamba 2023, ko da neman yana da wahala.

Iyayenmu lamiɓe da jauro-jauro, Allah ya ja zamaninku, Allah ya ƙara muku lafiya. Babu baƙon da ke kafa kwami a ƙasarku ba da saninku ba, kuma maganarku ta fi takardar Yawunde saurin isa bakin rafi. Ina roƙonku, duk wanda ya zo neman wuri bana, a sa masa sharaɗi a gaban shaidu: kwami a tudu, ramin tace ruwa, babu zaiba, babu saran itacen gaɓa, kuma ba ya ɗaga kayansa sai wakilinku ya ga ya cike raminsa. A ware mashayar mutane da ta dabbobi a ce nan ba a taɓawa. A sa wakilin makiyaya da sarkin ruwa a cikin masu dubawa, domin su ne suke fara ganin abin da ya lalace. Malamanmu kuma su tuna wa jama'a a huɗuba cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma wanda ke shan ruwa a ƙasan rafi yana cikin waɗanda hadisin ya kare ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Kamfanin ma'adinai na ƙasa, SONAMINES, da aka kafa a 2020, da ofishin ma'adinai na jihar Arewa, su ma ina da buƙata a wurinsu. Hani kaɗai ba ya raba mutum da abin da ya saba. A turo masu koyarwa wuraren aiki da kwami mai kyau da rariya da boraks, a yi wanki a gaban mutane da ƙasarsu, a auna abin da ya fito su gani da idonsu, a yi bayanin da Fulatanci da Hausa. Mu masu saye kuma mu daina sayar da zaiba ko bayar da ita bashi don a kawo mana zinari, domin a wurare da yawa ta hannun mai saye take shiga daji.

A nawa ɓangaren, duk wanda ya kawo mini garin zinarinsa da bai taɓa zaiba ba, zan narka masa da boraks yana tsaye yana kallo, in nuna masa yawan da ake sawa da yadda ake gane wuta ta kai, har ya iya yi da kansa a wurin aiki. Na yi magana da wasu abokan sana'ata a nan Garwa, kuma ina kira ga maƙeran Colire da Poli da Ngaundere su buɗe ƙofarsu haka nan kafin rafuka su ja baya a fara aikin bana.

Allah ya tsare ku a ramuka, ya sa albarka a abin da kuka samo.

Wassalam.

Ɗan'uwanku,
wani maƙerin zinari a Garwa